Rangwamen haraji ga 'yan fansho a jihohin Amurka: wa ke cin moriya, wa ke ɗaukar nauyin?

A ranar 4 ga Yuli, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata babbar dokar haraji da kashe kuɗi. Tun daga ranar ake ta yayata cewa wai an daina karɓar haraji daga hannun tsofaffi a Amurka. Ba haka dokar ta ce ba. Abin da ta tanada shi ne, wanda ya kai shekara 65 zai cire ƙarin dala 6,000 daga kuɗin shigarsa kafin a lissafa masa harajin tarayya, kuma daga 2025 zuwa 2028 kawai. Ragin yana fara raguwa idan kuɗin shigar mutum ɗaya ya haura dala 75,000 a shekara, ko dala 150,000 ga ma'auratan da ke cika takarda tare. Harajin da tarayya ke ɗorawa a kan Social Security, wato fanshon gwamnatin tarayya na tsofaffin ma'aikata, kuwa yana nan daram a doka.

Wannan ma ɓangaren gwamnatin tarayya ne kaɗai. Mafi yawan mazauna Amurka takardar haraji biyu suke cikawa a shekara, ɗaya ta tarayya, ɗaya ta jiha, domin jihohi 41 cikin 50 da babban birnin ƙasar suna karɓar nasu harajin kuɗin shiga. Galibin jihohin nan suna fara lissafinsu ne daga kuɗin shigar mutum kafin a cire wancan ragi na dala 6,000, saboda haka ragin ba ya gangarowa takardar jiha kai tsaye. A jiha doka daban ce, kuma kowace jiha da irin tata. Ɗan fansho a Atlanta ta jihar Jojiya da takwaransa a Los Angeles ta jihar Kalifoniya, masu karɓar kuɗi iri ɗaya, na iya ƙare shekara ɗaya bai biya jiharsa ko sisi ba, ɗayan kuma ya biya dubbai.

## Abin da ake keɓewa, da yadda ake keɓe shi

Hanyar da jihohi suka fi bi ita ce keɓewa. Doka za ta ce daga cikin kuɗin ritayar da ya shigo maka a shekara, dala kaza ba za su shiga lissafi ba. A ajiye su gefe, abin da ya saura shi ake ɗora wa haraji. Akwai wata hanyar, wadda jihar Utah ke bi a kan Social Security, inda ake gama lissafin haraji tukuna sannan a yafe wani ɓangare na harajin kansa. Darajar keɓewa tana bin abu biyu: yawan kuɗin ritayar da mutum ke samu, da kason harajin jiharsa. Wanda ba shi da abin da za a keɓe, babu abin da dokar ta ba shi.

Shi kansa kuɗin ritaya ba kafa ɗaya yake zuwa ba. Akwai Social Security, fanshon tarayya da aka kafa a 1935 zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, wanda ake tara kuɗinsa daga abin da ake yanka a albashin ma'aikata da abin da masu ɗaukar aiki ke ƙarawa. Akwai fansho irin na da, inda gwamnati ko kamfani ke ɗaukar alkawarin biyan tsohon ma'aikaci adadi sananne duk wata har ƙarshen rayuwarsa. Malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda da sojoji har yanzu a kansa suke, amma kamfanoni masu zaman kansu sun daɗe da janye jiki daga gare shi. Abin da ya maye gurbinsa shi ne asusun ajiya na ma'aikaci, irin 401k da ya samo asali daga dokar 1978, da IRA da ya zo da dokar 1974. A irin wannan asusu kuɗi na shiga ne kafin a cire masa haraji, sai ranar da mutum ya zo cirewa sannan a karɓa. Wanda ya taɓa kafin shekara 59 da rabi, a mafi yawan lokuta tarar kashi 10 cikin ɗari na jiransa. Wanda ya kai 73 kuma dole ya fara cirewa ko yana so ko ba ya so. Daga ƙarshe akwai abin da dukiya ke haifarwa: ribar hannun jari, kuɗin ruwa na banki, kuɗin hayar gida.

Kowace jiha tana zaɓar wanne daga cikin waɗannan za ta ɗaga wa ƙafa, daga shekara nawa, kuma zuwa dala nawa. Jihohi tara ba su da harajin albashi ko na fansho kwata-kwata: Alaska, Florida, Nevada, New Hampshire, South Dakota, Tennessee, Texas, Washington da Wyoming. Huɗu suna da harajin amma sun keɓe fansho da asusun ritaya baki ɗaya: Illinois, Mississippi, Pennsylvania, sai Iowa da ta shiga sahunsu a 2023 ga duk wanda ya kai shekara 55. A ɗaya gefen akwai irin su Kalifoniya, da ba ta taɓa Social Security amma take lissafa fansho da 401k kamar albashi. Sauran suna tsakiya, kuma a tsakiyar ne ruɗanin yake.

Social Security shi ne ya fi samun sauƙi. Jihohi tara kacal suka rage suna ɗora masa haraji a 2025, su ma galibi sai kuɗin shigar mutum ya wuce wani adadi, kuma West Virginia ta tsara kammala janye nata a 2026. Missouri da Nebraska da Kansas sun daina tun 2024. Tarayya ce ba ta saki ba. Tun 1984 take lissafa har rabin fanshon idan kuɗin shigar mutum ya haura dala 25,000, ko 32,000 ga ma'aurata, kuma dokar 1993 ta kai shi har kashi 85 cikin ɗari ga wanda ya haura dala 34,000, ko 44,000 ga ma'aurata. Kashi 85 ɗin ɓangaren fanshon da ke shiga lissafi ne, ba kason harajin ba, kuma mutane da yawa suna rikita su. Waɗannan iyakoki ba a taɓa ɗaga su ba duk da hauhawar farashi, don haka kowace shekara ƙarin tsofaffi ke faɗawa ciki.

## Jojiya a kusa

Tsarin jihar Jojiya ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan duk abin da ake jayayya a kai yana cikinsa. Mazaunin jihar mai shekara 62 zuwa 64, ko mai naƙasa ta dindindin, yana keɓe dala 35,000 a shekara. Daga shekara 65 adadin ya zama dala 65,000. Social Security ba ya cikin wannan lissafi, don tuni jihar ta yafe shi gaba ɗaya. Jojiya ta kuma faɗaɗa ma'anar kuɗin ritaya fiye da yawancin jihohi: ban da fansho da 401k da IRA, har ribar hannun jari da kuɗin ruwa da kuɗin haya duk suna shiga.

Keɓewar ta mutum ɗaya ce, ba ta gida ba. Miji da mata da duk suka kai 65 za su iya keɓe dala 130,000, amma sai idan kowannensu yana da nasa kuɗin da sunansa. Idan fanshon miji dala 100,000 ne, matar kuma ba ta da komai, dala 65,000 kawai za a keɓe, domin ba a ara wa miji rabon matarsa. Abin da ya fito daga dukiyar da suka mallaka tare, shi ake rabawa biyu.

A shekarar haraji ta 2025 kason Jojiya kashi 5.19 cikin ɗari ne ga kowa. Wanda ya cika dala 65,000 ɗin, jiha ta bar masa kimanin dala 3,370 ke nan a aljihu, ma'aurata kuma ninkin haka.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Daga cikin wannan keɓewa, albashi ko kuɗin sana'ar hannu ba zai wuce dala 5,000 ba, kuma kafin 2024 ma dala 4,000 ne. A ɗauki maƙwabta biyu a bayan garin Atlanta, kowannensu shekararsa 66, kowanne dala 40,000 ke shigo masa a shekara. Na farko tsohon ma'aikacin kamfani ne, kuɗinsa daga fansho yake zuwa, ƙarshen wata ya ga saƙon banki yana zaune a baranda. Harajin jiharsa sifili ne. Na biyu bai tara abin da zai zauna a kai ba, har yanzu sammako yake yi ya tuƙa motar kai kaya. Za a keɓe masa dala 5,000, a cire masa ragin kowa-da-kowa, wanda a 2025 dala 12,000 ne, sauran kuma a ɗora masa haraji, ya biya sama da dala dubu ɗaya. Shekarunsu ɗaya, samunsu ɗaya, abin da ya raba su shi ne ta inda kuɗin ya biyo.

Jojiya ta taɓa nufar gaba da haka. A 2010, zamanin Gwamna Sonny Perdue, an yi dokar da za ta riƙa ɗaga adadin shekara-shekara har a cire iyakar baki ɗaya ga masu shekara 65. Bayan shekara biyu, a ƙarƙashin Gwamna Nathan Deal, majalisar jihar ta ja birki ta tsayar da shi a dala 65,000, lokacin da baitulmalin jihar ke fama da raɗaɗin koma bayan tattalin arzikin 2008.

## Ƙananan sharuɗɗa masu babban tasiri

New York tana keɓe dala 20,000 na fanshon kamfani da asusun ritaya ga wanda ya kai shekara 59 da rabi. An sa wannan adadi a 1981, kuma farashin kaya ya ninka fiye da sau uku tun lokacin. Fanshon tsohon ma'aikacin jihar ko ƙaramar hukumarta ko na tarayya kuwa babu iyaka, duka aka yafe. Tsohuwar malamar makarantar gwamnati a Bronx da tsohuwar ma'aikaciyar banki a layinsu ba doka ɗaya ake yi musu ba.

New Jersey ta bi wata hanyar. A 2016, cikin yarjejeniyar da Gwamna Chris Christie ya ƙulla da majalisa don ƙara harajin man fetur, an amince a ɗaga keɓewar sannu a hankali har ta kai dala 100,000 ga ma'aurata da 75,000 ga mutum ɗaya a 2020, ga masu shekara 62 zuwa sama. Amma da sharaɗi: jimillar kuɗin shiga kada ta wuce dala 100,000. Mai karatun da ya san nisabin zakka zai gane ginin nan da sauri, domin da zarar dukiya ta kai nisabi, a kan dukkanta ake fitarwa, ba a kan abin da ya haura kawai ba. Haka New Jersey ta yi: ma'auratan da suka samu dala 100,000 cif za su iya keɓe komai, waɗanda suka samu dala 100,001 sun rasa keɓewar ɗungurungum. Dala ɗaya na iya jawo harajin dubbai. A 2021 aka sassauta, aka yi matakai: ma'aurata masu dala 100,001 zuwa 125,000 su keɓe rabin kuɗin ritayarsu, masu 125,001 zuwa 150,000 su keɓe rubu'i. Gangaren bai ɓace ba, an matsar da shi ne zuwa dala 150,000. Shi ya sa ɗan fansho a can yake zama da alƙalami a watan Disamba kafin ya ciri ƙarin kuɗi daga asusunsa don gyaran rufin gida.

Maryland tana keɓe fansho da 401k ga masu shekara 65, amma ban da IRA, kuma tana rage keɓewar daidai da abin da mutum ke karɓa na Social Security. Ma'aikacin da ya bar aiki ya kwashe kuɗinsa daga 401k ya zuba a IRA, abin da ake yi yau da kullum, yana iya zubar da keɓewarsa bai sani ba. Alabama ta yafe fansho irin na da gaba ɗaya, amma dala 6,000 kawai take keɓewa na 401k da IRA ga masu shekara 65, shi ma daga 2023.

Ita kuwa Pennsylvania ana yawan haɗa ta da Illinois, alhali ba ɗaya suke ba. Pennsylvania tana karɓar harajinta na kashi 3.07 cikin ɗari tun lokacin da ma'aikaci ke zuba kuɗinsa a 401k, don haka yafe masa a ranar cirewa yana nufin ba a karɓa sau biyu ba. Illinois ba ta karɓa ranar zubawa, ba ta karɓa ranar cirewa. Kuɗin ya shige ya fita jihar ba ta taɓa shi ba.

## Yadda aka zo nan

Asalin abin tausayi ne da kuma lissafi. A 1959 sama da kashi ɗaya cikin uku na Amurkawa masu shekara 65 zuwa sama suna cikin talauci, kuma sassauta musu haraji bai zama abin gardama ba. Jihohi da yawa kuma sun yafe harajin fanshon ma'aikatansu ne a matsayin ƙari a kan albashin gwamnati da bai kai na kamfanoni ba.

Wannan gata na ma'aikatan jiha shi ya kai maganar kotu. Paul Davis, tsohon ma'aikacin tarayya mazaunin Michigan, ya ƙalubalanci jihar kan yadda take yafe wa tsofaffin ma'aikatanta amma take karɓa a hannun na tarayya. A 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi gaskiya. Jihohi fiye da goma sha biyu suka sami kansu da zaɓi biyu: ko su yafe wa na tarayya su ma, ko su fara karɓa a hannun nasu. Wasu suka bi ta farko, wasu ta biyu, wasu kuma aka tilasta musu mayar da kuɗin da suka riga suka karɓa. A 1992 kotun ta ce hukuncin ya shafi tsofaffin sojoji, a ƙarar da aka shigar da jihar Kansas. North Carolina ta zaɓi fara karɓa, tsofaffin ma'aikatanta suka kai ta kotu suka yi nasara, shi ya sa har gobe a can wanda ya cika shekara biyar yana aikin gwamnati kafin 12 ga Agusta, 1989 ba ya biyan haraji a kan fanshonsa, wanda ya biyo bayansa kuma yana biya.

Mataki na biyu daga majalisar tarayya ya zo. A da, jiha irin Kalifoniya kan bi tsohon ma'aikacinta da takardar haraji har Nevada, bisa hujjar cewa a ƙasarta aka tara fanshon. Dokar da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Janairun 1996 ta hana jiha ɗora haraji a kan fanshon wanda ba mazauninta ba. Daga nan ɗan fansho ya zama mai iya ɗaukar kuɗinsa ya tafi, jihohi kuma suka shiga tsere. Duk jihar da maƙwabciyarta ta yafe, sai 'yan majalisarta su ce idan ba a yi koyi ba tsofaffi za su tsallaka iyaka.

Sai kuma akwatin zaɓe. A zaɓen 2020 kimanin uku cikin huɗu na masu shekara 65 zuwa 74 sun kaɗa ƙuri'a, matasa 'yan 18 zuwa 24 kuwa kimanin rabi. Michigan ta nuna abin da ke faruwa idan aka taɓa wannan gata. A 2011 Gwamna Rick Snyder ya rage keɓewar don cike giɓin da sauƙaƙa harajin kamfanoni ya bari, aka kasa 'yan fansho gida uku bisa shekarar haihuwa: kafin 1946, daga 1946 zuwa 1952, da bayan 1952. Abin da jama'a suka yi wa laƙabi da harajin fansho ya zama makamin yaƙin neman zaɓe har tsawon shekaru, kuma a 2023 Gwamna Gretchen Whitmer ta sa hannu a kan dokar da ke dawo da tsohon tsarin rubu'i-rubu'i, ya cika a 2026. A Illinois, cikin abubuwan da suka taimaka wajen kayar da gyaran tsarin mulkin jihar kan haraji a ƙuri'ar 2020 har da gargaɗin masu adawa cewa zai buɗe ƙofar taɓa kuɗin ritaya.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya, ciki har da ƙungiyar AARP mai kare muradun tsofaffi a jihohi da dama, suna cewa ɗan fansho ba shi da hanyar ƙara samu. Ma'aikaci zai nemi ƙarin albashi ko ya sauya aiki idan kaya suka yi tsada, tsoho kuwa abin da ya tara shi ne ke nan, ga kuɗin magani da na jinya suna hawa. Suna kuma cewa mutum ya tsara ritayarsa ne bisa dokar da ya tarar, sauya masa ita bayan ya ajiye aiki saɓa alkawari ne. Wannan hujja tana da ƙarfi musamman ga ma'aikatan gwamnati da suka karɓi ƙaramin albashi da sanin cewa fanshonsu ba shi da haraji. Ta fuskar tattalin arziki kuma, tsohon da ya zauna a jiha yana sayayya, yana biyan harajin gida, ba ya kuma da yara a makarantar gwamnati.

Masu suka, irin cibiyoyin nazarin haraji da kasafin kuɗi na ITEP da CBPP, ba su ce a matsa wa tsoho talaka ba. Cewa suke tsoho talaka tun asali ba ya biyan harajin kuɗin shiga na jiha, domin Social Security ne kusan duk abin da yake da shi, shi kuma an riga an yafe. Ƙarin keɓewa ba ya ƙara masa komai, wanda yake da babban fansho da hannun jari ne ke kwashe mafi yawan moriyar. Suna kuma nuna cewa talaucin tsofaffi a ma'aunin hukuma ya sauko zuwa kusan kashi 10 cikin ɗari, ƙasa da na yara, duk da cewa ma'aunin da ke sa kuɗin magani a lissafi yana nuna adadi mafi girma. A ganinsu, idan taimako ake nufi a ɗaura shi a kan ƙarancin samu, ba a kan shekaru ko nau'in kuɗi ba.

Maganar ƙaura ita ce aka fi iya gwadawa da alƙaluma. Masana tattalin arziki Karen Conway da Jonathan Rork sun bi bayanan ƙidayar Amurka na shekaru da dama, ba su kuma sami wata alama mai ƙarfi da ke nuna rangwamen haraji na sa tsofaffi sauya jiha ba. Mafi yawan tsofaffi ba sa ƙaura sam, masu yi kuma sun fi bin ɗumin yanayi da arahar gida da kusancin 'ya'ya da jikoki. Illinois ta yafe komai, amma 'yan fanshonta ba su fasa tafiya Florida da Arizona ba. Masu goyon baya kan amsa da cewa attajirai ƙalilan da ke ƙaura saboda haraji suna tafiya da kuɗi mai yawa, kuma hakan na faruwa. Sai dai jiha tana yafe wa dubban da ba su da niyyar tafiya ko'ina ne domin ta riƙe waɗancan 'yan kaɗan.

## Abin da zai shafi aljihun talaka

Kusan duk jihohin Amurka doka ta wajabta musu daidaita kasafin kuɗinsu, ba sa cike giɓin yau da kullum da bashi kamar tarayya. Abin da aka yafe a nan sai an nemo shi a can, ko a rage aiki. A Illinois kaɗai keɓewar tana cin sama da dala biliyan biyu a shekara. Nauyin kuma ƙaruwa yake yi ko ba a taɓa dokar ba: ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 55.8 masu shekara 65 zuwa sama, kuma zuwa 2030 duk waɗanda aka haifa tsakanin 1946 da 1964 za su shiga sahun, kusan mutum ɗaya cikin biyar ke nan. A lokaci guda kuma kuɗin da jihohi ke zubawa a shirin Medicaid, wanda ke biyan kaso mai yawa na gidajen kula da tsofaffi, yana hawa.

Wanda zai fi jin wannan a jikinsa shi ne ma'aikaci mai matsakaicin albashi, da kuma, abin mamaki, tsoho talaka. Idan jiha ta koma neman kuɗi ta harajin sayayya da na gidaje, waɗannan ba sa tambayar samun mutum. Tennessee ba ta da harajin kuɗin shiga, amma harajin sayayyarta idan aka haɗa da na ƙananan hukumomi ya haura kashi 9 cikin ɗari a wurare da yawa. Texas da Illinois da New Jersey suna cikin masu tsadar harajin gidaje. Pennsylvania ba ta taɓa fansho, amma tana karɓar kashi 4.5 cikin ɗari na gadon da 'ya'ya suka ci. Mai kwatanta jihohi da kason harajin fansho kaɗai, rabin lissafi ya yi.

## Ga mai shirin komawa gida

Akwai 'yan Nijeriya da Nijar da Ghana da suka yi shekaru suna aiki a New York ko Atlanta ko Houston, suna tunanin ƙarasa rayuwa a Kano ko Damagaram ko Kumasi. Dokar 1996 ta shafe su: da zarar mutum ya daina zama mazaunin jiha, jihar ba ta da ikon taɓa fanshonsa ko abin da ya cira daga 401k da IRA. Amma daina zama mazauni ba hawa jirgi ba ne kawai. Hukumomin haraji na jiha suna duba inda gidan mutum yake, da lasisin tuƙinsa, da rajistar zaɓensa, da inda iyalinsa suke. New York tana ɗaukar wanda ke riƙe da muhalli a jihar kuma ya yi fiye da kwana 183 a cikinta a shekara a matsayin mazauni, ko me ya rubuta a takarda. Wanda kuma ya bar gida a Jojiya yana karɓar haya, wannan kuɗin hayar na nan ƙarƙashin harajin Jojiya, domin dokar 1996 fansho kawai ta kare.

Tarayya kuwa ba ta sakin ɗan ƙasa. Mai fasfon Amurka zai ci gaba da cika takardar harajin tarayya duk inda yake zaune a duniya, haka ma mai katin zama na dindindin muddin bai ajiye shi a hukumance ba. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ya daina zama mazauni, ana yanke masa kashi 30 cikin ɗari a kan kashi 85 na fanshon Social Security tun kafin ya iso hannunsa, wato kashi 25.5 na dukkan kuɗin, sai idan ƙasarsa tana da yarjejeniyar haraji da Amurka da ta sassauta hakan. A Afirka ƙasashe huɗu ne ke da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka: Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu. Nijeriya da Nijar da Ghana ba sa ciki.